Rariyar Muttaka

Duk wanda ya san bakin kasuwar Anka ya san shagon Muttaka mai kwamfuta. Ɗan ƙaramin shago ne, in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya haƙura ya tsaya a bakin ƙofa. A ciki akwai firinta, da injin kwafin takardu wanda kwanakin lalacewarsa suka fi na aikinsa yawa, da wata tsohuwar kwamfutar tebur mai ƙugi kamar injin markaɗe. Shi kansa Muttaka siriri ne, mai ɗan gemu, maganarsa ƙasa-ƙasa. Abu biyu aka shaide shi da su a garin: ba ya ƙarya, kuma ba ya mantuwa. In ka kawo masa takarda ka ce ya rage maka shekarun haihuwa, zai miƙo maka abarka ya nuna maka shagon gaba. Wani malamin da ya taɓa zane shi a aji kan laifin da ba nasa ba ya zo yin kwafi bayan ya yi ritaya. Muttaka ya yi masa aikin tsaf, ya raka shi bakin ƙofa, sannan ya tuna masa ranar da irin bulalar. Halinsa na farko kowa na yabawa. Na biyun sai wanda ya taɓa shi ne ya san ba abin yabo ba ne.

Asalinsa mutumin Tungar Daji ne. Da ya gama firamare aka kawo shi Anka karatun sakandare, babansa ya damƙa shi a hannun Inno, wata mata da mijinta ya rasu, mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Inno tana da ɗa sa'ansa, Bilyaminu, da ƙaramar 'ya, Hafsa. Ɗaki ɗaya suka kwana da Bilyaminu a zauren gidan, kwano ɗaya suka ci, kuma Inno ba ta taɓa bambanta lomar ɗanta da ta ɗan riƙo ba. Inna yake kiranta, har ya girma bai sauya ba. Bilyaminu akwai kai, akwai kuma baki. Irin yaran nan ne da in suka san amsa ba sa iya jira a tambaye su. Karatu ya ja shi Zariya, daga can ya wuce Malesiya, ya zama Dokta. Muttaka ya tsaya a difloma, ya dawo ya buɗe shago, bai kuma taɓa jin hassada ba. Shi ma yana cikin masu cika baki da Dokta.

A shekarun da wayar hannu ba ta wuce kira da tes ba, 'yan bokon Anka da Gummi da Bukkuyum da ke zaune a wasu garuruwa suka buɗe wani dandalin tattaunawa a intanet, suka sa masa suna Zauren Yamma. Wani zai kawo magana, kan taki ko hanya ko siyasa, sauran su yi ta amsawa a ƙarƙashinta har sai an gaji. Sabis a Anka lokacin sai an haɗa da addu'a, don haka Muttaka ya samo wata manhaja ya ɗora a kwamfutarsa. Aikinta shi ne da zarar sabis ya leƙo ta kwaso duk abin da aka rubuta ta ajiye, a karanta daga baya a tsanake. Tana jera kowace magana da amsoshinta a bayanta, kamar kaza da 'yan tsakinta. Tana kuma da wani sashe da Muttaka ya laƙaba wa suna rariya: in ka ba ta sunan mutum ko wata kalma, duk saƙon da ya zo da su sai ta zubar kafin ya iso allo. Da farko masu tallan maganin ƙiba da masu alkawarin biza kaɗai yake zubawa a ciki.

Bayan la'asar benci biyun ƙofar shagon kan cika. Malaman makaranta, dillalan hatsi, tsofaffin ma'aikata, kowa ya zo jin abin da 'ya'yan gari na nesa suka ce. Muttaka zai juyo allon ya karanta da ƙarfi, mai amsa ya faɗa ya buga masa. Akwai ƙa'idar da 'yan bencin suka kafa masa: ba zai karanta saƙo shi kaɗai kafin su hallara ba. Sun ce in ya riga su gani zai ɓoye musu mai zafin, su kuwa mai zafin suka zo ji. Ya yarda, don shi ma yana jin daɗin yadda ake jan numfashi tare da shi.

Sai shekarar gubar dalma ta zo. Yayan Muttaka, Saminu, yana da injin niƙan hatsi a Tungar Daji. Da zinari ya ɓulla ya ga masu kawo dutse sun fi masu kawo gero yawa, ya mayar da injin na niƙan dutse, a cikin gida, kusa da inda yara ke wasa. Haka maƙwabtansa da dama suka yi. Babu wanda ya san garin dutsen nan yana kisa. Masu ilmin ma sai da yara suka yi ta mutuwa kafin suka gano. 'Ya'yan Saminu biyu suka tafi ɗaya na bin ɗaya, da wata irin jijjiga da tsofaffin garin ba su taɓa gani ba.

Dokta yana gida hutu a lokacin, ya bi Muttaka ta'aziyya. Saminu ya shimfiɗa masa tabarma, aka dama masa fura, ya yi addu'a har da hawaye. Da zai tafi ya zaga ya ɗauki hoton injin, ba wanda ya ga abin hanawa.

Wata ranar kasuwa, bayan Dokta ya koma, Saminu ya kawo 'yarsa da ta rage, Surayya, asibiti a Anka, ya biyo shagon ƙanensa ya huta. Aka matsa masa wuri a benci. Muttaka ya buɗe saƙonni, ya ga sunan Dokta a sama, ya gyara murya kamar yadda ya saba in na Dokta ne, ya karanta kan maganar: "Uban da ya niƙe 'ya'yansa." Bakinsa ya riga hankalinsa. Kafin ya gane inda aka dosa ya karanta sunan garin, ya karanta sunan Saminu da na babansu, ya karanta inda aka ce kwaɗayin zinari ya sa wasu iyaye sayar da ran 'ya'yansu, ga kuma hoton injin nan a ƙasa kowa na gani. Ya tsaya a tsakiyar jimla. Babu wanda ya ɗaga kai. Saminu ya laluba takalminsa da ƙafa, ya saka, ya saɓa 'yarsa a kafaɗa, ya yi sallama a hankali ya tafi.

Dokta a ganinsa taimako ya yi, ya tayar da hankalin hukuma. A zauren wasu suka yaba masa da ƙarfin hali, wasu suka ce da bai kama suna ba, kafin mako ya zagayo an koma musun siyasa. Amma a kasuwa magana ba ta wucewa haka. Sunan ya bi Saminu. In ya gifta sai ka ji an ce ga Mai-niƙa nan, manya su yi kamar ba su ji ba. Bayan girbi ya sayar da injin, ya bi masu haƙa zuwa Nijar. Labarinsa na ƙarshe da aka kawo shi ne rami ya rufta da shi a can cikin hamada, abokan aiki suka yi masa sutura. Da matar Saminu ta sake aure Muttaka ya ɗauko Surayya ya riƙe. Gubar ba ta kashe ta ba amma ta taɓa ta: ta girma maganarta a hankali, karatu ya ƙi zama a kanta, ga ta da murmushin ubanta sak. Kullum da safe ita ke kawo masa koko, don haka ko da mai mantuwa ne da wuya ya manta.

Muttaka bai rubuta wa Dokta ko harafi ba. 'Yan benci sun so ya yi masa wankin babban bargo a zauren, ya ce a bari. Abin da ke cinsa ba zagi ne zai kashe shi ba. Da muryarsa aka kwance wa yayansa zani a kasuwa, shi aka mayar sanƙira. Ya buɗe rariya ya rubuta sunan Bilyaminu da adireshinsa, ya ce ta zubar da saƙonsa da duk amsar da aka ba shi. Daga ranar Dokta ya mutu a kwamfutar Anka. In 'yan benci suka ce an kwana biyu ba a ji Dokta ba, sai Muttaka ya ce shi ma bai ga saƙonsa ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Kada a ce gaba yake yi, Muttaka ya san hukuncin gaba. In Dokta ya zo hutun Sallah ya yi sallama yana amsawa, ya ba shi hannu, ya tambayi iyali. Dokta kuwa ko a jikinsa, ya ɗauka girma ne ya rage wa abokinsa fara'a. Gidan Inno ma bai daina zuwa ba. Kowace Juma'a bayan masallaci yana can da ledar lemu ko sabulu. Haka ya ƙulle abin a cikinsa fiye da shekara goma, yana jiran ranar da bai san kamanninta ba. Ana nan wayoyin shafawa suka zo, hira ta koma aljihun kowa, benci ya zama na masu jiran kwafi. Zauren Yamma ya rage 'yan tsirarun da ba sa son sauyi. Muttaka bai daina kwaso shi ba, bai kuma taɓa rariyar ba.

Ranar ta zo ta inda bai zata ba. A shekarar da gwamnati ta rufe layukan waya a faɗin jihar saboda 'yan bindiga, aka wayi gari kowace waya ta zama tocila. Mai ɗa a Kaduna ba ta san halin da yake ciki ba, mai miji a Legas haka. Wanda ke da hali yakan shiga mota ya ƙetare jihar don ya yi kira, amma hanya ba ta kowa ba ce a lokacin, tsofaffi da mata kuma ba su da wannan damar. Muttaka ne ya tuna da tsohuwar manhajarsa. Ya cire injin kwamfutar, ya naɗe shi a bargo, ya rungume shi a gaban mota har Sakkwato. A kowane shinge sai an sa shi ya kwance bargon, har masu binciken suka saba suna tambayarsa yaya jikin jaririn. A shagon wani abokin sana'a ya jona, ya sanar a zauren cewa duk mai saƙo zuwa gida ya rubuta a nan, ya sa sunan gari a kan maganar. Da ya koma mako na gaba saƙonni sun fi ƙarfin karatu. Ya kafa wa manhajar ƙa'idoji ta ware su da kanta, na Anka gefe, na Gummi gefe, na Bukkuyum da Gwashi da Nasarawa Burkullu gefe. Ya buga su a takarda, ya biyo ta Gummi yana saukewa wurin amintattun mutane, yana karɓar amsoshi. Mata suka yi ta sa masa albarka. Benci ya sake cika har ana zama a ƙasa.

Tun a tafiyar farko, da yake kafa sababbin ƙa'idojin, idonsa ya faɗa kan tsohuwar ƙa'idar, mai zubar da saƙon Dokta. Tana nan daram, cire ta kuma dannawa ɗaya ce. Ya dube ta ya ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa, irin na mai ƙishirwa da ya hango randa. Ya bar ta. Da yake kuma ya san Dokta ba wawa ba ne, in ya ji shiru zai roƙi wani ya rubuta a madadinsa, sai ya ƙara mata faɗi: duk saƙon da Bilyaminu ko Dokta ko Inno ya fito a cikinsa a zubar. Wani Bilyaminu mai sayar da taki a Gummi, wanda bai ji ba bai gani ba, shi ma ya rasa saƙonnin ƙanensa har aka buɗe layi. Muttaka ya san za a iya samun irin haka, bai dame shi ba.

Inno a lokacin ta tsufa, ƙafa ta hana ta fita, ciwon suga ya ci ƙarfinta. Kafin a rufe layi Dokta ba ya fashin kiranta ta wayar Hafsa. Yanzu duk dawowar Muttaka Hafsa ce ta farko a ƙofar shago, ta raɓe gefe da mayafinta har a gama rabon takardu, ta koma hannu rabbana. Takan bar saƙo a kai wa yayanta, cewa Inna na gaishe shi, tana jiran ta ji daga gare shi, jikinta ba daɗi. Waɗannan Muttaka yana aikawa, harafi bai taɓa ragewa ba. Saƙo amana ne, kuma ya san kowane ɗaya zai soki Dokta, wanda ke can yana rubutowa ana ce masa ba a ji daga gare shi ba.

Ranar Juma'a in ya je gaishe da tsohuwar, kafin ya gama zama za ta tambaya.

"Muttaka, har yanzu ba saƙon ɗan'uwanka?"

"Ban gani ba, Inna."

Sai ta ce wataƙila aiki ne ya yi masa yawa, ko kuwa ƙasar tasu ma an rufe layi. Ta sa a zubo masa tuwo. Yana ci, kuma abin da ya fi ba shi mamaki game da kansa shi ne tuwon yana wucewa lafiya lau. In zuciyarsa ta ce masa tsohuwar nan me ta yi maka, sai ya amsa mata da cewa Saminu me ya yi wa Dokta ban da fura da tabarma.

Gari kuwa ya ɗauka. A benci aka fara da mamaki, aka koma tsaki. Ɗan wane mai gadi a Fatakwal ya rubuto, 'yar wance ta rubuto daga Makka, amma Dokta guda, mai intanet har a ɗakin girki, ya kasa gaishe da uwarsa. Wani dillali ya ce dama boko in ya yi yawa haka yake ƙarewa. Wani ya sa masa suna Dokta Shiru, aka yi dariya, sunan ya zauna. Muttaka yana jera takardu bai sa baki ba. Amma daɗin da ya ji ranar bai ji irinsa ba tun rasuwar Saminu, kuma bai ji kunyar daɗin ba. A bencin nan aka yi wa yayansa suna, a kansa aka yi wa Dokta.

Wata safiya da hantsi Hafsa ta aiko a kira shi, jikin Inna ya yi tsanani. Ya same ta kwance, ta zama 'yar ƙarama a cikin zane. Ta tura Hafsa dama kunun da ta san ba za ta sha ba, ta yafito shi da hannu. Ya durƙusa a gefen gadon. Ya ɗauka ƙorafi za ta yi, har ya fara shirin riƙe kalmomin ɗaya bayan ɗaya. In ma baki za ta yi wa ɗanta, ga mai bugawa a kusa.

"Ina jin abin da mutane ka cewa," in ji ta, murya da ƙyar take fita. "Ka hwaɗa mishi ban ɗauka ba. Ni nis san ɗana. Ko mi yah hana shi, na yahe mishi duniya da lahira, Allah shi yi mishi albarka. Kai nib ba wanga saƙo, Muttaka, don kai ba ka ƙarya."

Ya ce ya ji. Ta riƙe hannunsa ta sa masa albarka shi ma, ta ce ya riƙe ta kamar ita ta haife shi. Kafin azahar Inno ta cika. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

A hanyar Sakkwato, da injin a kan cinyarsa, ya gane abin da ya same shi. Rariya abin da ke shigowa take tacewa. Abin da zai fita babu manhajar da za ta riƙe masa. In zai riƙe, da hannunsa zai riƙe, yana sane. Ya zauna gaban allo ya rubuta sanarwar rasuwa, ya faɗi inda aka yi jana'iza, ya ƙara da cewa marigayiyar ta yi ta tambayar ɗanta har ta cika. Duk gaskiya ne. Saura yafiyar Inna da albarkarta. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne, amma shi ne zai sauke wa Dokta duk kayan da aka ɗora masa, ya yi kuka ya huta. Muttaka ya ji ba zai iya ba. Ya gaya wa kansa irin wannan saƙo ba na bainar jama'a ba ne, baki da baki ake isar da shi, kuma zai isar ranar da Dokta ya zauna a gabansa ya ce ya zalunci Saminu. Abin da yake so ya ji ke nan, ba ƙari. Ya tura sanarwar haka nan.

Ba a daɗe ba aka buɗe layi. Dokta ya iso Anka a rame, idanu jajur. Masu ta'aziyya suka riƙa ba shi hannu da kan yatsu. Hafsa ta ƙi haɗa ido da shi, sai da ya nuna mata wayarsa: ga saƙonni nan rututu da ya yi ta aikawa, na gaisuwa, na magiya, wasu da manyan baƙaƙe yana tambayar ko akwai mai jinsa. Daga gidan ya miƙe shagon, da rana tsaka, lokacin da benci ba kowa.

Muttaka bai ɓoye komai ba. Ya ba shi kujera, ya buɗe rariya, ya juya masa allon. Dokta ya fi shi sanin kwamfuta, kallo ɗaya ya ishe shi. Ya daɗe yana duban sunansa, da shekarar da aka saka shi a ciki.

"Don mi?"

"Saminu."

"Allah shi jiƙanai. Mi yah haɗa ni da Saminu?"

Muttaka ya dube shi yana neman alamar rainin hankali a fuskarsa, bai samu ba. Da ya samu da abin ya fi sauƙi. Mutumin nan da gaske bai tuna ba. Da aka tuna masa ya dafe goshi, ya ce lokacin dalma ya yi rubuce-rubuce da yawa yana ƙoƙarin a kawo agaji, in har ya kama sunan wani bai yi da nufi ba, in ya ɓata wa wani a yafe masa. Sannan ya miƙe, ya ce ashe saboda wani tsohon rubutu aka bar uwarsa ta mutu tana ganin ya yar da ita. Ya kira Muttaka azzalumi, ya kira shi butulu, wanda ya ci tuwon gidansu ya saka musu da haka. Muttaka bai musa ko ɗaya ba. Shi dai abin da ke masa yawo a kai shi ne duk tsawon shekarun nan yana ɗauke da abin da mai shi ya manta kafin ya tashi daga kujerar da ya rubuta shi.

Da faɗan ya ƙare masa Dokta ya koma ya zauna, muryarsa ta karye. Ya ce Hafsa ta gaya masa Inna ta kaɗaice da Muttaka a safiyar ƙarshe. Ya tambaya ko ta ce wani abu a kansa. Nan Muttaka zai iya cewa ba ta ce komai ba a wuce wurin, amma bakinsa bai iya wannan ba.

"Ta bar ma saƙo. Ni kaɗai nij ji shi."

"Mi tac ce?"

"Tahi ka ba Saminu haƙuri. In ya yahe ma, dawo ka amsa."

"Muttaka, Saminu ya rasu."

"Inna ma ta rasu."

Dokta ya sauko daga kujera ya durƙusa a simintin shagon da rigarsa mai tsada. Ya ce ba ya neman duka, kalma ɗaya ta ishe shi: albarka ce ko baki? Ya haɗa shi da Allah, ya haɗa shi da darajar tsohuwar da ta raine su. Muttaka ya dubi tsakiyar kansa inda furfura ta fara, ya ji tausayi ya taso masa, ya danne shi. Ya ce yana da aikin kwafi da zai gama kafin la'asar.

Kafin magariba gari ya ji abin da rariya ta yi. Sunan Dokta Shiru ya faɗi, aka juyo kan Muttaka. Matan da suka sa masa albarka suka riƙa tofar da yawu in sun wuce ƙofarsa. Benci ya watse, masu kwafi suka koma wani shago, Hafsa ta aiko a ce masa kada ya ƙara taka musu gida. Liman ya zo da kansa ya zaunar da shi, ya tuna masa saƙon mamaci amana ne, kuma wadda ta ba shi za ta tambaye shi a gaban Allah. Muttaka ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, ya ce ya sani, Malam, ya daɗe da sani.

Shagon yana nan har yau, ciniki dai sama-sama. Dokta ya koma bakin aikinsa. Ya rubuta doguwar ban-haƙuri a zauren da sunan Saminu, ya aiko dattawa, yana kira a waya. Muttaka yana ɗauka, ya amsa sallama, ya tambayi iyali, in aka zo kan maganar ya ce Saminu bai aiko ba tukuna. Wani lokaci in shago ba kowa yakan maimaita saƙon a ransa don kada ko kalma ɗaya ta ɓace masa, da muryar Inna, yadda ta faɗe shi. Saƙo ne mai daɗi ƙwarai, kuma shi kaɗai ke jinsa.